Wayar Inna da Shaidar Cikin Gida

Ba za ni taɓa mancewa da abin da Kulu taj ja mani ba, ko da na tsuhwa haƙorana sun zube. Don Allah ku tsaya ku ji, ku yi muna hukunci. Ni ina zaman zamana, ina kabu-kabuna tsakanin Wurno da Rabah, in ranar kasuwa ta zo in leƙa Gandi, ba wanda nat tare nac ce mai ina neman mata. (To, ina nema, amma ban hwaɗa ma kowa ba. Da bambanci.) Sai wagga yarinya, Kulu, taubashiyata ɗiyar kawuna da ke aure Goronyo, ta ɗauke ni ta kai kasuwa kamar ɗan akuya.

Gaskiya dai kahin nan na ɗan gwada abin nan na waya da aka shahwa hoton 'yan mata, wadda kaka so ka tura dama, wadda ba ka so ka tura hagu. Ni dut dama nika turawa, don ban ga dalilin wulaƙanta ɗiyar mutane ba. Guda ɗai ta amsa mani, wai ita Zizi. Munka yi ta hira, har na hwara tunanin sunan da za mu sa ma ɗiyanmu, ranar nan tay yi kuskure ta aiko saƙon murya. Wani ƙato na, muryarshi kamar injin ban-ruwa, ga awaki na kuka bayanai. Nag goge abin, nac ce aure ya jira.

Kulu na jin labarin (ni nab ba ta da bakina, nan ma wautata ta) tay yi dariya har ta riƙe ciki. Tac ce, "Wawa, wa ka neman mata wurin da ba a san ubanka ba? Bari in kai ka wurin Gwaggo Dije."

Ga waɗanda ba su san ta ba, Gwaggo Dije tsohuwar ungozoma ta nan Wurno, rabin matasan garinga ita ta yanke muna cibiya, har da ni. Da ta aje aiki sai ta buɗe guruf a waya, ta sa mai suna Mu Haɗa Su. Mutanen Wurno, Rabah, Goronyo da ƙauyukan kewaye cike da shi, mata sun hi yawa. Ƙa'idar wurin mai sauƙi ta: ba ka kai kanka, sai ɗan'uwanka ya kai ka. A sa hotonka da sana'arka, sannan a bar ka hannun jama'a. Dut wanda yas san ka shi hwaɗi abin da yas sani, mai daɗi da maras daɗi. In wani gida sun ga ka yi musu, su yi magana, Gwaggo ta haɗa manya. Ba hira ta ɓoye, ba Zizi mai awaki. Kuma wallahi an yi aure da yawa ta nan. Abin da ban sani ba shi na, jama'a ba su mantuwa. Na ga an sa wani bawan Allah na Boyekai, malamin makaranta, tsab da shi, wani ya hito yac ce ai tun suna yara ya taɓa gudu ya bar su da kare.

Ina tasha ina shan rake nag ga hotona ya hwaɗo. Cikin dut hotunana na duniya, Kulu ta zaɓi wanda nika barci bisa babur, baki buɗe, ƙahwa guda na lilo. Ƙasa ta rubuta: "Ga taubashina. Shina da babur nashi na kanai, shina salla, ba shi shan komi sai rake. Bakinai ɗai ka da yawa. A taimaka."

A taimaka! Sai ka ce gobara nay yi.

Nak kira ta ina huci. Tac ce, "Ka kwantar da hankalinka, hoton da ka rufe baki ai babu shi, wanga ko babu surutu ciki."

Shaidu sunka hwara zuba. Wani yac ce na taɓa kada shi cikin kwalbati hanyar Gandi. (Shi yam motsa.) Wata tsohuwa ta aiko murya tac ce yaron kirki na, na kai ta asibiti da rana tsaka na jira ta har ta ga likita, amma dut hanya ban yi shiru ba, har ciwon kai yah hi wanda taz zo da shi. Wani yac ce hon ɗina na tada jarirai. Wata mata ta Sisawa tac ce ita ba ta da matsala da ni sai guda: kullum in za ni komawa gida da marece sai na ɗaure damin itace bayan babur, ranar da naɗ ɗauke ta ya yage mata sabon zane, kuma har yau ban ba ta haƙuri ba. Nan take nab ba ta haƙuri, Gwaggo Dije ta goge, tac ce wanda anka kawo ba shi magana, kaya ba su tallan kansu.

Na yanke shawarar in hita guruf ɗin in huta, sai ga saƙo daga wata mata ta Rabah. Tac ce suna da yarinya, ɗiyar yayarta, tela ta, sunanta Saratu, kuma yarinyar ta ce ta san mai baburɗin ga.

Jama'a, rake ya hwaɗi daga hannuna.

Na san Saratu. Na taɓa ɗaukar ta da kan kekenta na ɗinki za ta kai gyara, ta rungume shi kamar jariri, tun daga Rabah har Wurno ina zuba, ita ko sai da ta sauka tac ce, "Malam, baburɗin da mai shika tahiya ko da magana?" Tun rannan in na shiga Rabah sai na bi ta ƙohwar shagonsu, ko da hanyar ba ta biyo nan ba. Ban taɓa iya tsayawa ba. Ni da ba a ci na da baki tasha, in na hango ta sai in danna hon in wuce kamar an biyo ni.

To amma matar ta ƙara da cewa sun ji shaidar hanya da ta kasuwa, saura shaidar cikin gida. Wannan ma ƙa'idar Gwaggo ta: kahin a haɗa manya, sai wani babba da ka kwana gida guda da kai ya yi magana, don wai mutum na iya zama malami a titi shi zama kura a tsakar gida.

Nan gizo ya... a'a, nan dai matsalar take. Baba ya rasu, Allah shi jiƙanai. Ƙannena ba a amsar shaidar yara. Saura Inna. Ni kuwa ɗan hwari na.

Ku 'yan birni da uwayenku ka kira "ɗana na kaina" a rungume ku, bari in gaya muku yadda abin yake wurinmu. Tun da anka haihe ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko wani mai irin sunana yaz zo sayen ƙuli-ƙuli, sai ta ce mai "mai sunan wancan". Ni wancan na. In ta ji daɗi, ni mai babur na. Muna iya zama mu biyu rak tsakar gida ta dubi bango ta ce, "A gaya ma mai babur tuwo na hucewa." Wa za shi gaya mani? Bango? In ko anka yabe ni gabanta, tashi taka yi ta shiga ɗaki. Ba ƙiyayya ta ba, kunya ta, kuma matan garinga da ita suka auna mace.

Duk da haka na gwada. Na same ta tana tankaɗe, nat tsugunna nesa, nay yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe nac ce ana son wani babba na gidanga shi ce wani abu bisa wani yaro. Ba ta ɗago ba. Wata kaza ta dubi, tac ce, "Kur! Wasu dai ba su da aikin yi."

Kwana ya yi kwana, shiru. Matar Rabah ta sake tambaya. Kulu na kira na tana cewa wani mai shagon caji na Goronyo ma an sa shi cikin guruf, kuma gwaggonai ta yi mai shaida har da kuka. Na daina cin abinci da kyau. (Na rage dai.)

Ranar abin, an yi haihuwa bayan gidanmu, ranar suna ta, Inna ta hita tun da hantsi don tana cikin masu tuƙa tuwo. Ta bar wayarta bisa caji ɗakina. Wayar Kulu tas saya mata, kuma Kulu ta daɗe da sa ta cikin guruf, Inna ba ta komi da ita sai saurare, in ta ji abin mamaki ta ce "ikon Allah". Ko sunanta ba ta rubutawa da boko.

Nad dubi wayar. Wayar ta dube ni.

Ni na tsaya aji uku, amma in ana maganar tsara magana, ko mai digiri ya bar mani. Naz zauna bakin gado nar rubuta. Da hwarko gajere nay yi, "Yaron ba shi da laihi." Da na tsaya nan da yanzu ba ku ji wanga labari ba. Sai nag ga ya yi kaɗan, mai shagon caji har kuka anka yi mai. Naƙ ƙara. Nas sake ƙarawa. Ga abin da yat tahi, don har yau akwai masu aiko mani shi ranar Juma'a:

"Ni ce mahaihiyar (nan nas sa sunana na yanka, ɓaro-ɓaro, har da na Baba, ba ni maimaita shi nan, ya sha wuya isa haka). Ɗana abin alhwaharina, sanyin idona, zakin gidana. Tun da na haihe shi bai taɓa sa ni kuka ba. Ga kyau, ga tsabta, ga shiru-shiru. Duk wadda ta same shi ta gode ma Allah. Ina son ka ɗana."

Nas sa hoton zuciya ja har guda-guda sun cika layi. Shiru-shiru hwa, jama'a. Ni.

Wallahi lokacin ko kaɗan ban ga aibin abin ba. A raina haka uwaye ka yi cikin fim, kuma haka nika son a ce an hwaɗa. Nat tura, nam maida wayar bisa caji, nah hau babur ina hito da baki.

Ban kai tasha ba wayata ta hwara rawa cikin aljihu. Nat tsaya gindin wani iccen bedi ina murmushi, na ɗauka yabo na. Ta hwarko wata ta Goronyo: "Innalillahi! Lahiya Inna take? A duba ta, ko hawan jini na." Wata tac ce ita tun tana yarinya ta san Inna, in dai ta kira sunan ɗan hwarinta to a nemo malami shi yi mata karatu, ba ita ɗai ta ba. Wata tac ce zamani ya zo ƙarshe. Sai wanda yak kashe ni, muryar wata dattijuwa, a hankali, ba hwaɗa: uwar Saratu. Tac ce, "Mun gode, Allah shi haɗa kowa da rabonai. Mu dai gidan da uwa ka kiran sunan ɗan hwari gaban duniya, har tana cewa tana son shi, ba mu saba da irin shi ba."

Kun gane? Abin da nay yi don in samu Saratu shi ya kore ta. Kuma na ɗauki kunyar da Inna ta tara tun kahin a haihe ni na zubar cikin minti guda, tana can tana tuƙa tuwon mutane ba ta sani ba.

Nay yi niyyar in koma in goge, sai ga kiran Gwaggo Dije. Murya lumui. "Ɗana, kana kusa? Zo gidan suna ka ɗauke ni, ƙahwata ka ciwo."

Ni da wautata nat tahi. Ina tsayawa ƙohwar gida anka ce in shigo, Gwaggo ba ta iya takowa. Nay yi sallama nas shiga. Tsakar gida cike da mata, tabarmi ko'ina, kuma kowace da waya a hannu. Dut sunka juyo suna kallona. Can gindin murhu ga Inna da muciya, hannunta dut gari, ta ja lulluɓi ta ruhe rabin huska. Gwaggo Dije na bisa kujera tsakiya, ƙahwarta lahiya lau, har tana kaɗa ta.

Tac ce, "Yawwa ɗan boko. Wani saƙo yaz zo daga uwarka, idona ba shi gani sosai. Karanta muna."

Nac ce, "Gwaggo, ai rana ta yi, hasken waya..."

"Shiga inuwa."

Nas shiga inuwa. Nak karanta. Da bakina, gaban uwata, gaban matan unguwa, nak kira sunana nac ce ni sanyin ido na. Da na kai "zakin gidana" wata ta shaƙe da kunu sai da anka bubbuga mata baya. Da na kai "shiru-shiru" gidan ya tashi gaba ɗai, har jaririyar da anka yi ma suna ta sa kuka. Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar Wurno tauri gare ta.

Gwaggo ta ɗaga hannu anka yi shiru. Tac ce, "To ikon Allah. Baiwar Allah ga tun hantsi muna tare, hannunta bai bar muciya ba, waya na gida. Kuma ni na amshi haihuwarka, ko rannan da anka ce ta dube ka bango ta duba. Yau ita ta koyi boko har da zanen zuciya? Mu nan mun san gaskiya. Na Rabah da na Goronyo ba su sani ba." Ta danna wurin ɗaukar murya ta miƙo mani wayar saitin baki. "Gaya musu."

Ƙaƙa za ni yi? Nac ce, "Salamu alaikum jama'ar guruf. Ni na. Ni nar rubuta. Inna ba ta san komi ba, ba ta taɓa kiran sunana ba, ko yau da sahe wancan tac ce mani. A yi haƙuri." Wata daga baya ta ɗaga murya tac ce in hwaɗi batun kyau ma ƙarya na. Nac ce wannan a bar ma masu ido.

Na ɗauka an gama, sai Gwaggo ta tashi (kun ga ƙahwar ta warke) ta nuhi murhu da wayar. Tac ce, "Ke kuma, an ɓata maki suna, an gyara. Amma mutanen Rabah shaidar gida sunka nema, kuma har yanzu ba su samu ba. Ba mu ce ki kira kowa ba. Hwaɗi abin da kinka iya."

Inna ta juya muna baya. Ta daɗe tana tuƙi, har nac ce shi ke nan, Saratu ta tahi. Sannan, ba da Gwaggo ba, ba da waya ba, da tukunya tay yi magana. Tac ce, "Ni mi za ni ce? Tun da mai gidan ya rasu dai, itace bai taɓa yankewa gidanmu ba. Ban san mai kawo shi ba."

Ta ci gaba da tuƙinta.

Ba wadda tay yi dariya. Ni kuwa na hita da sauri har na mance Gwaggo da ƙahwarta. Na zauna ina tsara zaki da sanyin ido, ashe abin da za a hwaɗa bisa kaina shina nan ɗaure bayan babur, har ya yage zanen matar Sisawa.

Kahin la'asar uwar Saratu ta sake aiko murya. Tac ce yanzu ta ji maganar uwa, manya na iya zuwa. Game da yaron kuma, tac ce, wauta ba ta hana aure, in tana hanawa da ita ma ba ta auri uban Saratu ba.

Yanzu maganar na hannun kawunnai, an kai gaisuwa, ana jiran a kwashe albasa a sa rana. Sai dai sunan ya bi ni. Tasha ba mai ce mani komi sai Inna. "Inna, Rabah za ni!" "Inna, sanyin idonki ya sha mai?" Saratu ma da naj je hira ta hwarko ta shimhiɗa mani tabarma ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Nac ce mi ya kawo wanga ladabi haka? Tac ce ba ta san da wa taka magana ba, da saurayin ko da uwar miji.

Abin da na koya dai, in mutane sunka yi shiru bisa kanka, bar su da shirunsu, wani shirun ya hi abin da za ka rubuta ma kanka. Kuma in za ka yi ƙarya, kada ka ara bakin wadda dut gari ya san yadda taka magana.

Amma har gobe ina nan bisa bakana, Kulu ad da laihi. Da taz zo gida kwanan baya nat tare ta zaure nac ce ita taj ja mani, ita ta kai ni guruf, ita ta zaɓi hoton barci, ita ta saya ma Inna waya, ita ta tada mani hankali da mai shagon caji. Tac ce in ba don ita ba da yanzu ina can ina soyayya da mai awaki. Nac ce ko mai awaki bai tara mani matan unguwa ba. Munka yi ta yi har Inna ta gaya ma bango cewa wasu na hana mutane jin kiran salla.

Kulu ta gyara goyonta, ta dube ni sama da ƙasa, tac ce, "Ni mata nac ce a nemo maka. Wa yac ce ka haihi kanka?"